Wa Ya Sayar? Rigimata da Kalmar "Traffic"

Wata Laraba da yamma, shekarun baya, na karanta wani labari a shirina wanda har yau in na tuna shi sai kunya ta rufe ni. Takardar ta iso hannuna saura minti biyar in zauna gaban makirfo. Asalin labarin da Faransanci aka rubuta shi, wani can ya juya shi zuwa Ingilishi, ni kuma na juya shi zuwa Hausa a tsaye, biro a baki. Na shaida wa masu sauraro cewa jami'an tsaron Nijar sun cafke mutum uku masu safarar bil'adama a kan hanyar Arlit, na faɗi sunayensu da garuruwansu. Daga nan na wuce zuwa farashin dabino, hankalina kwance.

Bayan kwana biyu na je sayen gasasshen nama, wanda mutanen Tamanrasset, Larabawansu da Abzinawansu, ke kira mainama, sunan da suka ara daga bakinmu. Ina tsaye ina jira a yanka mini sai wani dattijo da ke zaune a benci ya yafito ni. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗana, kai ne mai magana a rediyo?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce, "Ɗaya daga cikin mutanen da ka ambata shekaranjiya ɗan ƙanena ne. Ina so ka gaya mini, wa ya sayar? Kuma wa ya saya?"

Na ce, "Baba, ai ban ce ya sayar da kowa ba."

Ya dube ni ya ce, "To a garinku, in an ce mutum yana safarar goro, kyauta yake raba goron?"

Ban sami amsa ba. Yaron direba ne. Ya ɗauki fasinjojin da suka biya shi kuɗin mota da hannunsu, suna so ya kai su bakin iyaka. A wancan lokaci wannan laifi ne a dokar Nijar, kuma ba na musun haka. Amma laifin da na ɗora masa da bakina wani ne daban, kuma ya fi nasa muni nesa ba kusa ba. Da na koma na nemo asalin takardar, sai na ga inda gizo ke saƙar. Bafaranshen labarin ya ce trafic. Mai juyawa zuwa Ingilishi ya ga kalmar ta yi kama da tasa, ya rubuta trafficking. Ni kuma na zo na ɗora "safarar bil'adama" a kai.

Kalmar traffic tana cikin kalmomin Ingilishi masu fuska da yawa. Ta shiga harshen a ƙarni na 16 da ma'anar ciniki, wato kai kaya da komo da su tsakanin ƙasashe. Daga baya ta koma kan titi. A Kano yau in ka ce tirafik, abin da zai zo wa mutum a rai shi ne gosulo a Ƙofar Nasarawa, ko danja, ko jami'in da ke tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Ma'aikacin hasumiyar filin jirgin sama yana da tasa traffic ɗin, ta jiragen da ke sauka da tashi. Injiniyan kamfanin waya in ya ce traffic ta yi yawa, yana nufin kira da data sun cushe layi. A gidajen rediyo masu aiki da Ingilishi akwai ofis sukutum mai wannan suna, aikinsa tsara lokacin da kowace talla za ta fita. Mai shafin intanet kuma in ya ce yana neman traffic, yawan masu leƙowa yake nufi. Duk waɗannan ba su cutar da kowa. In ka rikita su, iyakarta a yi maka dariya.

Amma da zarar kalmar ta shiga kotu, an ƙara mata wutsiya ta zama trafficking, to wasa ya ƙare. A nan ne ake ɗaure mutum, a nan ne ake ɓata sunan zuri'a.

A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar yaƙi da manyan laifuffukan ƙetare iyaka, wadda aka sa wa hannu a birnin Palermo na Italiya. An haɗa ta da ƙananan yarjejeniyoyi, biyu daga ciki kan mutane suke, kuma da gangan aka raba su gida biyu. Ta farko tana magana kan wanda ya ɗauki mutum, ko ya kai shi wani wuri, ko ya ɓoye shi, ta hanyar tilas ko yaudara ko barazana, da nufin ya ci da guminsa: aikin bauta, karuwancin dole, cire sassan jiki da makamantansu. Wannan shi Ingilishi ke kira trafficking. Ba sai an tsallaka iyaka ba. Ana iya yin sa daga ƙauye zuwa birni a cikin ƙasa guda. Ta biyu tana magana kan wanda ya karɓi kuɗi ya shigar da mutum wata ƙasa ba tare da izini ba. Fasinja ne ya nema, ya biya, in an isa kowa ya kama gabansa. Wannan Ingilishi ya kira shi smuggling, kalmar da muka ara muka ce sumoga. A na farko mutum aka zalunta. A na biyu dokar iyakar ƙasa aka karya.

To ga tarkon. Faransanci yana da tsohuwar kalma ta cinikin bayi, traite, sai ya ba laifin farko ita: traite des personnes. Laifi na biyu, na tsallakar da mutane, shi ne ya kira trafic illicite de migrants. Ka ga ke nan trafic ɗin Bafaranshe shi ne smuggling ɗin Bature mai Ingilishi, trafficking ɗin mai Ingilishi kuma shi ne traite ɗin Bafaranshe. Kalmomi biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, amma kowace tana nuna wani laifi daban. Mu Hausawa kuwa Allah Ya ajiye mu daidai kan wannan tsaga. Wasunmu an yi musu boko da Ingilishi, wasu da Faransanci. Labarin Agadas yana fitowa da Faransanci, ya bi ta Legas ko Landan ya sa rigar Ingilishi, sannan ya dawo mana mu fassara. Kowane zango sai ya bar wani abu, ya ɗauki wani.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Larabcin da nake ji kullum a garin nan bai faɗa wannan rami ba. Yana cewa ittijar bil-bashar, cinikin mutane, yana kuma cewa tahrib al-muhajirin, tsallakar da masu ƙaura. Da Aljeriya ta gyara kundin hukunta laifuffukanta a 2009, sashe daban ta ba kowanne. Ita ma Nijar haka: dokar yaƙi da cinikin mutane ta fito a Disambar 2010, dokar tsallakar da baƙi kuma, mai lamba 2015-36, ta fito ranar 26 ga Mayun 2015. Masu rubuta doka sun bambance. Mu masu makirfo ne muka zuba su a ƙwarya ɗaya muka dama, muka ce "safarar mutane".

Kuma ba don Hausa ta rasa kalmomi ba ne. Safara da fatauci ciniki ne. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, haja suke ɗaukowa don su sayar. In ka ce ana safarar mutum, ka mai da shi haja, ka kuma ce akwai mai saye. Amma muna da jigila. Kowace shekara muna cewa an fara jigilar alhazai, ba wanda ya taɓa zaton sayar da su za a yi a Jidda. Muna da "tsallakar da", muna da "haurar da". Harshen da ya bambance aro da rance, ya bambance bara da roƙo, ba zai gaza bambance direba da dillalin bayi ba. Kasala ce tamu kawai, da kuma wani abu da ya fi kasala muni, wanda zan zo kansa.

Na san abin da wani zai ce, domin an sha faɗa mini: "Malam, duk kanwar ja ce. Mutane na mutuwa a hamada, kai kana gardamar kalma." Bari in amsa da abin da ya faru a watan Oktoban 2013. Motoci ɗauke da mutane sun taso daga Arlit za su zo nan Tamanrasset, suka lalace a hanya. Da aka je, gawa 92 aka tarar kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Ƙishirwa ce ta kashe su. Akasarinsu daga yankin Kance suke, a jihar Damagaram. Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Duk Bahaushen da ke garin nan a lokacin ya san wani da ya san wani a cikinsu.

Wannan masifa tambaya biyu take ɗauke da su. Ta farko ta masu mota ce: wa ya loda mutane haka, wa ya karɓi kuɗi, wa ya bar su ba ruwa? Ta biyu ta fi ɗaci, shi ya sa ba mu son ta: yara 52 ina za su? Ba aikin gini za su zo yi ba. Kowa ya san yaran yankin ana kawo su biranen Aljeriya ne don bara, wasu tare da iyayensu mata, wasu kuma an karɓo su daga hannun dangi ko maƙwabta da alkawarin za a aiko da wani abu. Yarjejeniyar Palermo ta ce in yaro bai kai shekara 18 ba, ba a ma tambayar ko an yaudare shi ko ya yarda. Muddin an ɗauko shi don a ci da guminsa, fatauci ne. Wanda ya tara yaran mutane yana karɓe abin da suka samo da yamma, shi ne ya cancanci sunan da na laƙaba wa ɗan ƙanen dattijon nan. Sau da yawa kuwa ba shi da mota, ba shi da rawani, ba ya kama da hoton da ake nunawa a talabijin. Wataƙila mace ce mai carbi, wadda muke gaisawa da ita a gidan suna.

In kalma ɗaya ce ta rufe duka biyun, sai a kama direba, a ɗauki hotonsa, a ce an kama masu safarar mutane, a rufe fayil. Tambaya ta biyu ta mutu ke nan. Ba wanda zai koma Kance ko Matamaye ya tambayi yadda gona ta ƙanƙance har uwa ta ga gara ta miƙa ɗanta.

Kada a ce ina wanke direbobi. Akwai azzalumai a cikinsu, waɗanda suka zubar da fasinja a tsakiyar rairayi da suka hango ƙurar sojoji, akwai masu ƙara kuɗi a rabin hanya, akwai kuma waɗanda suka miƙa fasinjojinsu ga masu tsare mutane don neman fansa. Abin da gidan talabijin na CNN ya nuna a Nuwamban 2017, ana gwanjon mutane a Libiya, ya isa shaida cewa tafiyar da ta fara da kuɗin mota tana iya ƙarewa a kasuwar bayi. Yarinyar da aka ce za a sama mata aikin shago, ta iso aka ce ana bin ta bashin da ba zai biyu ba sai da jikinta, tana nan a garuruwan hanya, har da wannan da nake zaune. Amma wannan hujja tawa ce, ba ta masu cewa kanwar ja ba. Idan direba ya sayar da fasinjansa, a ranar ya tashi daga laifi ɗaya ya shiga wani, kuma dole bakinmu ya iya faɗin ranar da ya tsallaka. In tun farko mun kira shi mai cinikin mutane, da wane suna za mu kira shi ranar da ya yi cinikin da gaske?

Ita ma yarinyar bambancin ya shafe ta kai tsaye. Wanda aka yi fataucinsa, doka ta ɗauke shi wanda aka zalunta, yana da haƙƙin kariya da kulawa. Wanda ya biya aka tsallakar da shi kuwa, galibi mota ake sa shi a mayar. Daga Tamanrasset zuwa In Gezzam kusan kilomita 400 ne, daga can kuma akwai wurin da ake sauke mutane su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka. In jami'i da ɗan jarida da mai fassara duk ba su bambance ba, yarinyar da ya kamata a zaunar a tambaye ta wa ya kawo ta, sai ta tsinci kanta a mota ɗaya da matar da ta kawo ta.

Sai batun dokar 2015. Ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5. Ta fito a shekarar da Turai ta rikice da batun baƙi, shekarar da aka yi taron Valletta a watan Nuwamba, aka buɗe asusun kuɗi don tare hanya tun daga Afirka. Da aka fara aiki da ita gadan-gadan a 2016, an kama direbobi a Agadas, an ƙwace motoci. Sana'ar da a da ake yi a fili, a tasha, da rakiyar sojoji a kan hanyar Dirku, ta koma ta dare. Direbobi suka bar hanyoyin da ke da rijiyoyi suka shiga inda ba kowa, kuɗin mota ya hau, haɗari ya ƙaru. Kuma a tuna, a wancan lokaci Nijar tana cikin ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan Kano ko ɗan Kumasi damar shiga Nijar ba biza har kwana 90. Mutumin da ke zaune a Agadas bai haura katangar kowa ba tukuna, amma mun riga mun kira shi baƙon haure, mun kira wanda ya ɗauko shi mai safarar mutane.

Ana iya goyon bayan dokar, ana iya ƙin ta. Mutanen kirki sun tsaya a ɓangarorin biyu. Abin da nake cewa shi ne masu sauraronmu ba su taɓa samun damar yin wannan muhawara da idonsu a buɗe ba. Wa zai tashi ya ce bai yarda da dokar hana cinikin mutane ba? Sunan da muka ba ta ya rufe bakin kowa tun kafin a fara magana. Duk gwamnatin da ke son tare hanya ta san amfanin wannan. In ka ce kana yaƙi da masu kai leburori wurin aiki, za a tambaye ka dalili. In ka ce kana yaƙi da masu sayar da bayi, sai tafi.

Ranar 25 ga Nuwamban 2023 Janar Abdourahamane Tiani ya soke dokar. Nan ma muka sake tafka ta, ta ɗaya gefen. Na ji da kunnena ana cewa Nijar ta soke dokar hana safarar mutane. Wata baiwar Allah ta kira shirina tana salati, tana tambaya ko yanzu an halatta sayar da mutum ke nan. Na ce mata a'a, Hajiya, dokar 2010 mai hana cinikin mutane ba ita aka taɓa ba, ta direbobi ce aka soke. Ta ce to me ya sa ba ku faɗa haka ba? Ita ma ban sami amsar da zan ba ta ba.

Na yi alkawarin faɗin abin da ya fi kasala muni. A wani wuri da na taɓa aika wa rahotanni, na rubuta kanun labari da "jigilar baƙi ba bisa ƙa'ida ba". Aka dawo mini da shi an mai da shi "safarar bil'adama". Da na yi magana, aka ce nawa ba ya jan mutane, shafi yana bukatar traffic. Ka ji fa. Ma'anar kalmar ta intanet ita ce ke ciyar da kuskuren ma'anarta ta kotu. Mun san bambancin, ko aƙalla wasunmu sun sani, amma kalmar da ta fi tayar da tsikar jiki ita ta fi kawo masu latsawa, masu latsawa kuma su ke kawo talla. An koya mana a makarantar aikin jarida cewa kada a kira wanda ake zargi ɓarawo sai alƙali ya yanke. Ban ga dalilin da wannan ƙa'ida za ta tsaya a bakin hamada ta ƙi shiga ba, sai dai in don mun san direban Arlit ba shi da lauyan da zai maka mu a kotu.

Abin da nake nema daga abokan aikina, na Kano da Kaduna da Yamai da Maraɗi da masu sassan Hausa na ƙasashen waje, bai taka kara ya karya ba. In labari ya zo da trafficking, a nemi asalinsa a ga ko trafic aka gani aka yi masa wutsiya. In akwai tilas ko yaudara da ci da gumi, ko kuma yaro ne aka ɗauko don a ci da shi, a ce fataucin mutane, a faɗe shi da ƙarfi, ko da mai laifin ɗan unguwarmu ne. In kuɗin mota ne da tsallaka iyaka, a ce jigilar baƙi ko tsallakar da baƙi ba bisa ƙa'ida ba. Wasu na cewa fasa-ƙwaurin baƙin haure. Ya fi safara, ko da yake ni yana yi mini kama da ana maganar buhunan taliya. In kuma ba a sani ba tukuna, a faɗi abin da aka gani: an kama mota, da mutum kaza a ciki, za su wuri kaza. An ce mini wannan ya yi tsawo a kanun labarai. Na auna da agogon situdiyo, bambancin bai kai daƙiƙa biyu ba.

A makon da ya biyo bayan haɗuwata da dattijon, na buɗe shirin da gyara. Na faɗi abin da na ce, na faɗi abin da ya kamata in ce, na nemi afuwar mutanen uku da iyalansu. Da na koma wurin mai naman na same shi a bencinsa. Ya ce ya ji, Allah Ya yi mini albarka. Sannan ya ce labarin farko ya riga ya isa garinsu ta waya tun daren da na karanta shi, kuma gidan da aka kai kuɗin gaisuwar yaron sun dawo da kuɗin.